Daga ina "na sara maka" ta fito? Zare kan gaisuwar soja 🫡

1/ Kullum a nan sai ka ga an rubuta wa wani "na sara maka oga", a liƙa masa 🫡 a wuce. To wannan ɗaga hannun da muke wasa da shi, akwai ƙasashen da suka fara harbin juna a kansa, akwai garin da aka mamaye wata 7 saboda shi. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Mu fara da ƙa'idar kanta, don yawancinmu a fim muka santa. Na ƙasa ne ke fara sarawa, na sama kuma dole ya mayar. Dole fa, ba alfarma yake yi ba. Hafsan da aka sara wa ya share ya wuce, shi ma ya yi laifi, kamar dai wanda aka yi wa sallama ya ƙi amsawa.

3/ Kuma ba kowane babba ake sara wa ba. A tsarin Ingila, wanda sojan Najeriya da na Gana suka gada, hafsa kaɗai ake sara wa, wato mai anini a kafaɗa. Mai igiya a hannu, kofur ne ko saja, ba a ɗaga masa hannu. Shi ya sa za ka ga samanja mai furfura, ya shekara 30 cikin kaki, yana sara wa yaron da ya fito daga NDA jiya, wanda a haife ya haife shi.

4/ Dalilin da suke bayarwa shi ne, abin da ake girmamawa takardar naɗin da ke hannun yaron ce. A Ingila da sunan sarki ake ba da ita, a Najeriya da sunan shugaban ƙasa. Ku riƙe wannan batun, can gaba za ku ga inda ya yi aiki da inda ya kasa.

5/ To daga ina abin ya faro? Labarin da ya fi yawo shi ne na baraden Turai masu sulke da kwalkwali. Wai idan barde ya haɗu da wani sai ya ɗaga murfin kwalkwalinsa da hannun dama, a ga fuskarsa, a kuma ga ba takobi a hannun. Labari ne mai daɗi, har malaman fareti suna ba kurata shi.

6/ Sai dai lissafin bai fita ba. Kwalkwali mai murfi ya bar filin daga tun bindiga ta yi ƙarfi, ita kuwa sarawa irin ta yau sai a ƙarni na 18 take fara bayyana a takardun soja. A tsakanin nan me ake yi? Cire hula. Talaka ya cire wa attajiri, soja ya cire wa hafsa. Ni dai a nan nake ganin tushen yake, kuma a nan ne ake da takarda.

7/ Takardar ta 1745 ce, ta rundunar Coldstream Guards ta Ingila. An umarci sojoji su daina cire hula idan za su wuce hafsa ko za su yi masa magana. Su kai hannu ga hular kawai, su ɗan sunkuya, su wuce. Ka kalli wannan umarnin ka kalli sarawar yau, ba sai an yi maka bayani ba.

8/ Me ya sa aka hana cirewar? Hulunan lokacin ba irin zanna bukar ba ne da za ka zare ka mayar. Wasu dogaye ne masu nauyi, daga baya ma aka sa musu igiya a haɓa. Ga hannun soja kullum baƙi ƙirin da albarushi, yana taɓa hula yana ɓata ta. Hula kuwa kuɗi ce. Wato har da tsimin kayan gwamnati a cikin lamarin.

9/ Alamar wannan asalin tana nan har yau. A sojan ƙasa na Ingila ba a sarawa da kai ba hula, tunda abin da hannun zai taɓa babu shi. Mutum ƙamewa kawai zai yi, hannaye a gefe. Idan ka taɓa ganin soja cikin kayan gida ya haɗu da ogansa ya sandare kamar an dasa shi, abin da yake yi ke nan.

10/ Runduna ɗaya ce aka ɗauke wa wannan dokar, kuma labarinta abin dariya ne. A yaƙin Warburg, a Jamus, 1760, wani kwamandan dawakai, Marquess na Granby, ya ja mahayansa suka afka wa Faransawa. Cikin sukuwa hularsa ta faɗi, hular gashin da yake sawa ita ma ta bi ta. Mutumin mai sanƙo ne. Haka ya ci gaba, haka kuma ya je ya sara wa babban kwamanda kai a buɗe.

11/ Tun daga nan rundunarsa ta riƙe abin. Yau sunanta Blues and Royals, kuma sojojinta na iya sarawa ba hula. Shekara sama da 260 ana tunawa da sanƙon mutum ɗaya. Turawan Ingila dai da riƙon al'ada, sai a bar su.

12/ Yanzu tafin hannu. Ku lura a faretin 1 ga Oktoba: sojan ƙasa tafinsa gaba yake kallo, kana ganinsa ɓaro-ɓaro. Sojan ruwa kuwa nasa ƙasa yake kallo. Daga Ingila duka biyun suka zo. Abin da sojan ruwa ke faɗa shi ne, a zamanin jiragen katako da kwalta ake shafe igiyoyi da katakon, hannun matuƙi kullum dumu-dumu, nuna wa hafsa irin wannan tafin rashin ladabi ne, sai aka kifa shi.

13/ Su sojan ruwan ma sun daɗe suna ɗaga hula. Sai a 1890, zamanin Sarauniya Victoria, aka mayar da su kan sarawa da hannu.

14/ Ga wani wanda ya ba ni mamaki. Da can sojan Ingila da kowane hannu yake sarawa. Wanda ya fi nisa da hafsan shi ake ɗagawa, don kada hannunka ya rufe maka fuska. Idan oga yana damanka, da hagu za ka sara masa. Sai wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko sojan ƙasa suka tsaya kan dama kaɗai, sojan ruwa suka biyo a shekarun 1920.

15/ Dalilin da ake yawan bayarwa a ɓangaren sojan ruwa shi ne mutanen Indiya da na Afirka, waɗanda gaisuwa da hagu a wurinsu zagi ce. Duk wanda ya taɓa miƙa wa kakarsa abu da hagu ya san me ake nufi 😅

16/ Sauran ƙasashe a gurguje. Amurka tafi ƙasa, kamar sojan ruwa. Faransa tafi a buɗe, haka kuma 'yan uwanmu na Nijar suka gada. Indiya kashi uku ne: sojan ƙasa a buɗe, na ruwa a kife, na sama kuma tun 2006 a karkace, tsakanin biyun. Poland da yatsu biyu suke yi, suna nuna gaggafar da ke jikin hular.

17/ Akwai ma sarawa da makami. Mai bindiga yana riƙe ta a tsaye a gabansa, yadda ba zai iya harbi ba, kamar mai cewa ga ta nan, taka ce. Hafsa mai takobi yana kai ƙotar kusa da bakinsa, sannan ya sauke tsinin ya kalli ƙasa. Idan kuma ayari ne ke tafiya, mai jan su ne kaɗai zai sara, sauran kai kawai za su juya.

18/ Wannan na makamin ya kamata ya tuna muku da wani abu namu. Jinjina. A hawan sallah mahaya su sako dawaki a guje kamar za su bi ta kan sarki, sai dab da shi su ja linzami, ƙura ta tashi, a ɗaga mashi ko takobi ko dunƙulallen hannu. Saƙon ɗaya ne da na mai bindigar can: ina da makami, ina da ƙarfi, kuma naka ne. Ba Bature ya koya mana wannan ba.

19/ Ban da jinjina akwai afi, wato faɗuwa gaban sarki ana ɗiban ƙasa ana zubawa a ka. Ibn Baɗuɗa ya ga ana yi a fadar Mali a 1352, ya rubuta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma a Kitabul Farƙ ya lissafa zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa cikin al'adun sarakunan Hausa da yake suka. Wato rigima kan yadda na ƙasa zai gai da na sama ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba.

20/ Da Turawan suka zo kuma ba su ƙi ba. Talaka ya ga Joji ko Razdan, ya kauce hanya, ya durƙusa, ya ɗaga hannu ya ce "Zaki!" Sai 'yan NEPU, daga 1950, suka fara ƙin faɗuwa da cire takalmi gaban masu mulki, kuma da yawa sun sha bulala da ɗauri. Wannan zare ne na daban, a tuna mini.

21/ Ita sarawa irin ta bariki ta shigo mana ne ta Legas. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya haɗa 'yar ƙaramar runduna, akasarinsu bayi ne da suka gudo, masu jin Hausa. Ana ce musu Hausawan Glover. Daga wannan shekarar sojan Najeriya ke ƙirga tarihinsa. Irin su ne kuma aka kai Gwalkwas, Gana ta yau, yaƙi da Ashanti, kuma suna cikin waɗanda suka zauna a zangunan can.

22/ A 1897 aka kafa rundunar WAFF ƙarƙashin Lugga, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Hausa ce harshen aiki a cikinta, har hafsoshin Turawa sai sun koya. A 1924 aka buɗe Defo ta Zariya, inda har gobe ake horar da kurata. A irin waɗannan filayen faretin ne kakanninmu suka fara koyon kai hannu goshi, da jar dara a ka, ƙafa ba takalmi.

23/ Daga can kuma kalmomin nan suka zubo cikin Hausa: kurtu, farabiti, kofur, saja, samanja, hafsa, fareti, bariki. Duk Turanci ne da bakin Bahaushe ya gyara. Har "shon sa!" da masu bautar ƙasa ke dawowa da ita daga sansani, wutsiyar kalmar Turanci ce ta umarnin ƙamewa. Ita kuwa "sara" tamu ce. Kalli yadda hannun ke sauka, kamar mai saran ice.

24/ To a nan ne fa maganar "takarda ake girmamawa" ta fara cin karo da gaskiya. Shekara 85 daga Glover, babu ɗan Najeriya ko ɗaya da ke da takardar. Baƙar fata ya yi ta sarawa, ba wanda ke fara sara masa. Komai jarumtarsa, samanja ne ƙarshen tsaninsa.

25/ Ka tuna dubban mutanenmu sun je Boma a yaƙin duniya na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi da Japan a daji. Hafsoshinsu kusan duk Turawa ne. Wanda ya fara karya wannan a Afirka ta Yamma ɗan Gwalkwas ne, Seth Anthony, a 1942.

26/ Najeriya sai 1948 ta sami hafsa na farko, Louis Ugboma. A 1949 su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun suka biyo. Zakariya Maimalari, ɗan Borno, ya fito daga Sandhurst a 1953. Ka auna ranar da farar fata mai igiya uku ya fara ƙamewa ya sara wa ɗayansu. A ganina ranar ta fi wasu ranakun da muke hutu dominsu.

27/ A Indiya Turawan dabara suka yi. Suka ƙirƙiro hafsoshi 'yan ƙasa masu takardar Gwamna Janar maimakon ta sarki. Sojan Indiya zai sara musu, sojan Ingila ba zai yi ba, kuma ƙaramin laftanan Bature yana gaba da babbansu. Hafsa ne a gida, ba hafsa ba ne a gaban Bature.

28/ A Amurka takardar iri ɗaya ce ga kowa, amma duk da haka a yaƙin duniya na biyu an sha samun fararen sojoji suna ƙin sara wa baƙaƙen hafsoshi, wani ya tsallake titi don kada a haɗu. Benjamin O. Davis Jr. ya shiga makarantar West Point a 1932, ya fita a 1936, shekara 4 abokan karatunsa ba sa yi masa magana sai ta aiki. Shi ne daga baya ya zama baƙar fata na farko da ya kai janar a sojan saman Amurka.

29/ Bari mu koma teku, don can ne gaisuwa ta fi jawo bala'i. Jirgin yaƙi ba shi da hannu, da igwa da tuta yake gaisuwa. Igwar da can tana ɗaukar lokaci kafin a sake ɗura ta, saboda haka jirgin da ya harbe igwoyinsa a iska yayin shiga tashar wasu ya nuna ba da faɗa ya zo ba. Wannan ne asalin harbi 21 da kuke ji ana yi wa shugabanni.

30/ Ingila ta ce duk jirgin da ya haɗu da nata a tekun da ke kewaye da ita dole ya sauke tuta. A watan Mayu 1652, kusa da Dover, jiragen Holan ƙarƙashin Admiral Tromp suka haɗu da na Ingila ƙarƙashin Robert Blake. Tuta ba ta sauka da wuri ba. Blake ya yi harbin gargaɗi, aka mayar masa da martani, kafin ka ce kwabo wuta ta kama. Holan ta rasa jirage 2.

31/ Yaƙin da ya biyo baya sai 1654 ya ƙare. Gaskiyar magana rigimar kasuwanci ce, wa zai yi dakon kayan duniya a teku. Amma cikin sharuɗan sulhun sai da aka rubuta cewa Holan za ta riƙa sauke tutar.

32/ A 1671 ma sai da suka maimaita, wannan karon da gangan. Sarki Charles na II ya riga ya ƙulla da Faransa a asirce cewa za su far wa Holan, hujja kawai yake nema. Sai aka tura wani ɗan ƙaramin jirgin shaƙatawa na sarki, Merlin, ya ratsa ta tsakiyar jiragen yaƙin Holan, aka dawo aka ce ba a yi masa gaisuwar da ta kamata ba. Shekara na zagayowa aka shiga yaƙi. Mai neman kuka aka jefe shi da kashin awaki, sai dai wannan shi ya jefi kansa.

33/ Garin da na ce an mamaye kuwa Veracruz ne, a Meksiko. Ranar 9 ga Afrilu 1914 wasu sojojin ruwan Amurka suka sauka a Tampico sayen mai, sojan Meksiko suka kama su. Ba a jima ba aka sake su, kwamandan garin ya ba da haƙuri. Kowa ya ɗauka magana ta mutu.

34/ Admiral Henry Mayo ya ce ina, haƙuri da baki bai isa ba. Sai an ɗaga tutar Amurka an yi mata harbi 21. Shugaban Meksiko, Janar Huerta, wanda Amurka ba ta ma amince da gwamnatinsa ba, ya yi ta jan magana kan sharaɗin cewa su ma a mayar musu da gaisuwar daidai wa daida. Shugaba Wilson dama haushinsa yake ji, ga kuma labarin wani jirgin Jamus na tafe da makamai.

35/ Ranar 21 ga Afrilu sojan Amurka suka sauka Veracruz. Amurkawa kusan 20 suka mutu, 'yan Meksiko sama da 100, har da farar hula da ɗaliban makarantar sojan ruwa. Ba su fita ba sai Nuwamba. Huerta ya faɗi a Yuli. Harbin 21 ɗin kuma ba a taɓa yin sa ba.

36/ Turawa a Indiya kuwa da igwa suke auna sarakuna. Cikin masarautu sama da 500, ɗari da 'yan kai ne kawai ake wa harbi. Biyar ne suka kai 21: Hyderabad, Mysore, Baroda, Gwalior, Kashmir. Sauran 19, 17, har ƙasa zuwa 9. Ka yi biyayya a ƙara maka biyu, ka yi taurin kai a rage. Gwamna Janar 31, sarkin Ingila 101. Namu sarakunan da sanda aka auna su, mai daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku.

37/ Wuri ɗaya da ake hana sarawa shi ne bakin daga. Maharbin da ke ɓoye can nesa hafsa yake nema, kai kuma ka ɗaga hannu ka nuna masa ga shi nan. Soja mai son ogansa a daji ba ya sara masa.

38/ Su kuma shugabanni farar hula da kuke gani suna mayar da sarawa cikin kwat, sabon abu ne. A Amurka Ronald Reagan ne ya mayar da shi al'ada daga 1981. Waɗanda suka biyo shi suka gada har da wahalarsa. A 2014 Obama ya sara da kofi a hannu, aka kwana biyu ana zaginsa a intanet.

39/ Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan hankalina: abin da ke faruwa da gaisuwar idan mulki ya girgiza. Rasha, Maris 1917. Sarki Nicholas na II yana gab da sauka, sojojin Petrograd sun yi tawaye. Majalisar ma'aikata da sojoji ta fitar da Umarni Na 1. A ciki aka soke ƙamewa da sarawa ta dole idan soja ba ya bakin aiki.

40/ Aka soke kiran hafsa da laƙabobi irin na "ranka ya daɗe", aka ce janar a kira shi malam janar kawai. Aka hana hafsa yi wa soja magana da lafazin da ake yi wa yaro ko bara. Makamai kuma suka koma hannun kwamitocin sojoji. Ka ga mutanen da ke cikin yunwa da yaƙi, amma cikin abubuwan farko da suka nema har da wannan. Abin ya daɗe yana ci musu rai ke nan.

41/ Abin dariyar, 'yan gurguzun da suka karɓi mulki sun soke muƙaman soja ɗungurungum, sai ga shi a 1935 Stalin ya dawo da su, a 1943 ya dawo da alamun kafaɗa irin na zamanin sarki.

42/ Jamus kuma akasin haka aka yi. Miƙa hannu sama na 'yan Nazi, wanda ake ce wa gaisuwar Rumawa, babu shi a rubuce-rubucen Rumawa ko gumakansu. Daga zanen wani Bafaranshe, Jacques-Louis David, na 1784 hoton ya yaɗu, 'yan wasan kwaikwayo da fim suka ɗauka, D'Annunzio ya yi amfani da shi a Fiume a 1919, Mussolini ya kwafa, Hitler ya kwafi Mussolini. Yaran makaranta a Amurka ma da irinsa suke gai da tuta tun 1892, sai a Disamba 1942 aka canza zuwa hannu a ƙirji.

43/ Shekara 11 Hitler yana mulki, sojan Jamus mai hula a ka bai daina sarawa irin ta da ba. Janar-janar ɗin suna ganin wannan ne ɗan abin da ya rage da ke nuna su ba 'yan jam'iyya ba ne, ko da yake duk ta'asar da aka sa su sun yi. Sai ranar 20 ga Yuli 1944 Kanar Stauffenberg ya ajiye bam cikin jaka a ɗakin taron Hitler. Bam ya tashi, Hitler ya tsira.

44/ A daren aka harbe Stauffenberg. Kwana 4 bayan nan aka soke sarawar soja, kowa ya koma miƙa hannu, daga kurtu har fil mashal. Yau a Jamus da Ostiriya yin wannan gaisuwar laifi ne da kan kai mutum kotu.

45/ Namu kuma 1966 ne. Ranar 15 ga Janairu manjo-manjo suka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola, suka kashe kuma ogoginsu na soja, har da Birgediya Maimalari da Birgediya Ademulegun, mutanen da jiya-jiya suke sara wa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa, aka kashe Janar Ironsi a Ibadan tare da Laftanar Kanar Fajuyi.

46/ Wanda ke bin Ironsi a muƙami shi ne Birgediya Babafemi Ogundipe. Bisa tsari shi ne zai karɓa. A Legas ya ba wani saja umarni, sajan ya ƙi, ya ce shi daga kyaftin ɗinsa kawai yake karɓar umarni. Saja fa, mai igiya uku, gaban birgediya. Takardar naɗi tana nan, alamun kafaɗa suna nan, ba su hana komai ba.

47/ Ogundipe ya gane inda aka dosa, ya bar Legas. Ranar 1 ga Agusta Laftanar Kanar Yakubu Gowon, ɗan shekara 31, ya zama shugaban ƙasa, alhali akwai waɗanda suka girme shi a muƙami, irin su Komodo Wey na sojan ruwa da Kanar Adebayo. Su sun haƙura sun yi aiki da shi.

48/ Wanda bai haƙura ba shi ne Laftanar Kanar Ojukwu, gwamnan Gabas. Ya ce Gowon ba ogansa ba ne, idan Ironsi ba ya nan Ogundipe ne. Maganar wa ke sama da wa ta bi su har teburin Aburi a Gana, Janairu 1967, ta haɗu da kashe-kashen da aka yi wa 'yan Gabas a Arewa da batun man fetur da rabon jihohi. A Yuli aka fara yaƙin basasa.

49/ Shi kuwa Ogundipe, Gowon ya naɗa shi jakadan Najeriya a Ingila. A Landan ya rasu, a 1971.